Tarkon Asu Mai Danƙo: Abin Da Ya Yi Mini Da Abin Da Ya Gagare Shi

Sana'ata saƙa ce, kuma da zaren ulu na fi aiki, saboda haka ni da asu mun daɗe da sanin juna. Duk mai ajiye ulu ko siliki ko wani abu mai gashi a ɗaki, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ɗaga riga ya hango haske ta inda bai kamata ba. Abin da na zo da shi yau shi ne tarkon nan na kwali mai danƙo, wanda ake sayarwa a matsayin maganin asu, ana cewa yana ɗauke da wani ƙamshi da ke kiran su. Na kafa shi tun farkon zafi, na yi ta sabunta shi har sanyi ya shigo ya wuce. Ga masu sauri, hukuncina shi ne ku saya, amma kada ku riƙe alkawarin da ke jikin kwalin da hannu biyu. An rubuta cewa yana kare tufafi. A wurina ko hannun riga bai kare ba. Wani aikin daban ya yi mini, kuma da a ce shi suka rubuta, da ba ni da ƙorafi.

Kayan ba su da wani kwarjini. Kwali ne mai ɗan kauri, kowanne a cikin ledarsa mai ƙyalli da aka liƙe wa baki. In ka yage ledar, sai ka ɓare farar takardar da ta rufe danƙon, ka lanƙwasa kwalin gida uku ya tashi mai kusurwa uku, gefe biyu a buɗe, danƙon yana daga ciki. A samansa akwai ƙugiya ta kwali don ratayewa a sandar durowa, in ka ga dama kuma ka ajiye shi a ƙasa. Ta baya akwai ɗan fili na rubuta ranar da ka buɗe shi. Hancin mutum ba ya jin komai daga gare shi. Na kai shi har bakin hancina, warin kwali da na gam kawai na ji. Wannan kaɗai ya sa na fara kallonsa da idon rahama, domin mai saƙa wa jarirai kayan sanyi ba ta son abin da zai bar wari a zare.

Ƙamshin da suke magana a kai sunansa feromon. Macen asu ce ke fitar da shi idan ta isa barbara, namiji kuma ya tsinkayo shi da 'yan eriyoyin kansa ya biyo sahu. Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1959 wani masanin sinadarai Bajamushe, Adolf Butenandt, ya fara gano irin wannan sinadari, kuma abin dariyar shi ne a jikin ƙwaron da ke samar da siliki ya gano shi, bayan ya tattara mata kusan 500,000. Kowane jinsin asu da nasa feromon ɗin. Masu yin tarkon sun kwaikwayi na asun tufafi a ɗakin gwaji, suka cuɗa shi cikin danƙon. Namiji ya taho da saurinsa yana zaton mace ce, ya sauka, ƙafa da fiffike su kame. Shi ke nan dabarar. Babu guba a ciki, babu hayaƙi.

To a nan ne gizo ke saƙar. Maza kawai tarkon ke kamawa, kuma namijin asu bai taɓa cin rigar kowa ba. Ita ma macen ba ta ci. Asun da ya yi fiffike, wannan ɗan siririn mai ruwan zinariya da bai wuce milimita 6 zuwa 8 ba, mai jan gashi-gashi a ka, bakinsa ma ba ya aiki. Makonni kaɗan yake yi a duniya, ya yi barbara ya mutu da yunwarsa. Mai ɓarnar ita ce tsutsa. Mace ɗaya tana saka ƙwai 40 zuwa 50, tana manna su a tsakanin zaren tufa inda girgiza ba ta kakkaɓe su. In akwai ɗumi, cikin kwana 4 zuwa 10 sun ƙyanƙyashe. Tsutsar fara ce mai kai ruwan ƙasa, kuma tana cikin halittu ƙalilan da cikinsu ke iya narkar da keratin, sinadarin da aka gina gashi da ulu da gashin tsuntsu da shi. In ta sami ɗumi da laima da abinci, wata ɗaya da 'yan kwanaki sun ishe ta ta girma. In wuri ya yi sanyi ko ya bushe, sai ta rage gudu, tana iya haura shekara 2 tana ci a hankali. Ku haɗa lissafin da kanku: tarko ya kama maza goma, ɗaya ya tsira ya sami mace, an koma gidan jiya. Macen kuwa ba ta cika tashi ba, gudu take yi tana tsalle tana shigewa lungu, kuma babu abin da ke cikin kwalin da zai burge ta.

Me ya sa na ce ku saya? Saboda ɗan rahoto ne na gani na faɗa, kuma a rikicin asu abin da ya fi wuya shi ne sanin inda yake kwana.

Na kafa ɗaya a durowar kayan sanyi, ɗaya kusa da kwandunan zare, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya kuma a falo bayan doguwar kujera, wannan na ƙarshen don kawai ya rage a hannuna. Duk zargina yana kan kwandunan zare, tunda a can na fara ganin zare yana tsinkewa a tsakiyar dunƙule ba dalili. Da aka ɗan kwana biyu na zagaya dubawa. Na durowa fes, sai ɗan sauro guda da tsautsayi ya kai shi. Na wajen zare ya kama 'yan kaɗan. Na bayan kujera kuwa danƙon ya yi baƙi-baƙi da su, wasu ma suna motsa ƙafa. Na ja kujerar, ban ga komai ba. Sai na dubi dardumar ulun da ke shimfiɗe a wurin, wadda gefenta guda ya shige ƙarƙashin kabad ɗin littattafai tun ranar da aka shimfiɗa ta, tsintsiya ba ta taɓa isa wurin ba. Muka kwashe littattafan, muka ɗaga kabad ɗin.

Daga sama dardumar lafiya lau take. Da na shafa wurin da tafin hannu sai gashin ya biyo hannuna, domin an cinye shi daga tushe, tsayuwa kawai yake yi. Na naɗe gefen na duba bayanta. Zaren audugar da aka saƙa ta a kai yana nan bai ko girgiza ba, ulun ne aka bi layi-layi aka kwashe. Ga wasu fararen hanyoyi na yana, sirara, manne da saƙar, ga kuma wani gari mai tsakuwa-tsakuwa ya taru a ƙasa. Dardumar ja ce, garin ma ja ne. Kashin tsutsar ke nan, yana ɗaukar launin abin da ta ci, shi ya sa ido ba ya saurin kama shi. Na tsaga ɗaya daga cikin yanar da bakin allura, sai ga tsutsa ta noƙe tana ja da baya, haske ya dame ta. Daga wannan lungun ne ake ta aiko mini da baƙi zuwa kwandon zare. Ba don kwalin nan ba, da na ƙarar da ƙarfina ina wanke durowar da babu komai a cikinta.

Masu kula da gidajen tarihi ma a haka suke amfani da shi, kuma su ne suka fi kowa asara in asu ya shiga. A 2017 ƙungiyar English Heritage, mai kula da tsofaffin gine-gine a Ingila, ta ce yawan asun da tarkunanta ke kamawa ya ninka cikin shekara 5, har ta riƙa raba wa masu ziyara tarkon kyauta su kai gidajensu su kafa su aiko da adadin abin da suka kama. Ƙidaya suke nema. Da aka zo batun kashewa kuwa, wata hanya aka bi. A 2021 ƙungiyar National Trust ta gwada sakin wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Trichogramma evanescens a gidan tarihi na Blickling Hall da ke Norfolk. Tsawonsa kusan rabin milimita ne, ba ya harbin mutum, aikinsa shi ne ya nemo ƙwan asu ya saka nasa ƙwan a ciki. Wato su ƙwan suka nufa, tun kafin ya zama tsutsa. In har masu dardumomin da suka shekara ɗaruruwa ba su dogara da tarko don kariya ba, ban ga dalilin da mai kwali zai ce mini in rataya in yi barci ba.

Bari in zo kan aibobinsa, don yana da su.

Ƙugiyar kwalin ba ta da ƙarfi. Laima kaɗan ta taɓa ta sai ta saki, tarkon ya faɗo. Nawa ya faɗo a kan wani mayafin ulu mai geza, gezar ta shiga ciki ta kama danƙon. Wanda bai taɓa ƙoƙarin raba zaren ulu da irin wannan danƙo ba bai san haƙuri ba. Ruwa ba ya fitar da shi, sabulu ba ya fitar da shi, ƙarshenta almakashi ne ya raba gardama. Tun daga nan na daina ratayewa a tsakanin kaya. A ƙasan durowa nake ajiye shi, ko a kan katakon sama, inda babu abin da ke lilo kusa da shi. Mai kyanwa ma ya kula, tawa ta taɓa fitowa daga ƙarƙashin gado da shi manne a wutsiya, ranar gidan bai zauna lafiya ba.

Sai maganar daɗewa. An rubuta wata 3. A ɗakin da ke da sanyi-sanyi kuma a rufe, na yarda yana kaiwa kusa da haka. A inda zafi yake, ƙamshin yana saurin tashi, kuma a ƙasa inda ƙura ke yawo danƙon yana yin fata ya daina kamu. Haɗarin a nan shi ne tarkon da ya mutu da wanda ba shi da abin kamawa kamanninsu ɗaya, duka biyu fes za ka gan su. Sai mutum ya ce alhamdu lillahi sun ƙare, alhali kwalin ne ya gaji. Shi ya sa ɗan filin rubuta kwanan watan nan ya fi duk wani ado da ke jikinsa amfani. Ni dai ba na jira wata 3 su cika a lokacin zafi. Ina taɓa gefen danƙon da tsinke, in bai riƙe ba na canja.

Akwai kuma abin da takardar bayanin ba ta faɗa ba sam, kuma ya kamata ta faɗa. Yawan tarko a ɗaki guda ba ƙarin ƙarfi ba ne. In ƙamshin ya cika ɗaki ta ko'ina, namijin ba ya sanin inda zai dosa, kai ma ba za ka gane daga wane lungu suke fitowa ba. Ɗaya a ɗaki ya isa, babban ɗaki biyu, nesa da juna. Kada kuma a ajiye shi a bakin tagar da ake buɗewa. Asu yana rayuwa a waje ma, musamman a sheƙar tsuntsaye inda gashi ke taruwa, kuma kana iya kirawo mazan waje su cika maka kwali ka tayar da hankalinka a banza.

Babban abin da ya fi ba ni haushi shi ne ruɗanin jinsi. A kanti za ka ga kwalaye biyu kusan iri ɗaya, hoton ɗan ƙwaro mai fiffike a kan kowanne. Ɗaya na asun tufafi ne, ɗaya na wanda ke shiga hatsi da gari a ɗakin girki. Feromon ɗinsu daban ne, na wannan ba ya kiran wancan. Ko a cikin masu cin tufafi ma iri biyu ne suka fi yawa. Akwai Tineola bisselliella, mai yin yana, shi ne na cikin dardumata, kuma dominsa aka yi yawancin tarkunan. Akwai Tinea pellionella, wanda tsutsarsa ke saƙa wa kanta ɗan kube tana jan sa duk inda za ta, in ka ga wasu 'yan abubuwa masu girman ƙwayar hatsi manne a bango ko a rufin durowa, su ne. Wannan na biyun ba ya amsa kiran tarkon sosai. Bayan su kuma ga ƙwaron kafet, wanda tsutsarsa mai gashi-gashi ce, tana cin ulu kamar yadda asu ke ci, tana barin ɓawon jikinta a wurin. Shi ko kallon tarkon ba ya yi. Don haka in kana ganin huji amma kwali fes, kada ka ce babu ɓarawo. Ka ɗauki tocila ka duba ɗinki da lanƙwasa da ƙarƙashin kwala.

Yayata ta zo ta tarar da ni ina lanƙwasa sabon kwali, ta tsaya tana kallona. Ta ce, “Ke dai ba kya rabo da wahalar da kai. Ki watsa kafur a ciki mana ki huta.” Na ce, “Yaya, kayan jarirai fa nake saƙawa.” Ta ce ai da shi aka ajiye namu kayan, ga mu nan da ranmu. Ban ja da ita ba, amma tunda na san da yawa za su yi wannan tambayar, gara in amsa ta a nan.

Fararen ƙwallayen nan da muke kira kafur, yawancinsu ba daga itacen kafur aka samo su ba. Naftalin ne, ko wani ɗan'uwansa a aiki mai suna paradichlorobenzene. Suna kashe asu, ba na musun wannan, har tsutsar suna kashewa, abin da tarkona ba zai taɓa yi ba. Amma da sharaɗi. Ƙwallon yana narkewa ne ya zama iska kai tsaye, kuma sai iskar ta taru ta yi ƙarfi a cikin abin da aka rufe ruf kafin ta yi kisa. A durowar da ake buɗewa safe da yamma ba ta taruwa, sai dai ta fito ɗaki ku yi ta shaƙa ku da yara, tsutsa kuma tana can cikin lanƙwasar bargo tana harkar gabanta. Wato in kana jin warin a ɗaki, kai ne ke shan maganin. A 2002 hukumar IARC, mai binciken cutar daji a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta saka naftalin cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa mutum cutar, kuma tun 2008 Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallayen naftalin. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wannan ba ne. Akwai mutane masu yawa, musamman 'yan asalin Afirka da yankin Bahar Rum da Asiya, da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, galibi ba su ma san suna da shi ba. Naftalin yana farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. An sha samun jarirai da suka kamu da shawara mai tsanani saboda an naɗe su da kayan da aka ajiye da shi. Ga shi fari, mulmulalle, yaro mai rarrafe yana ganinsa sai baki. Shi kuma paradichlorobenzene yana laushe wasu robobi, ya ɓata maɓalli da abin rataye kaya. Mai son amfani da su ya sa a akwatin da ke rufuwa gam, nesa da ɗakin kwana, ya kuma shanya kayan su sha iska sosai kafin a saka. Ni dai na sallama.

Katakon sida mai jan ciki da 'yan jakunkunan furen lafanda kuwa, na gwada su saboda ƙamshinsu yana yi mini daɗi, kuma iyakarsu ke nan. Man sida yana iya kashe ƙananan tsutsotsi a akwatin da aka yi da shi gaba ɗaya kuma yake rufuwa da kyau, amma ba ya taɓa ƙwai ko manyan tsutsotsi, kuma man yana ƙarewa da shekaru. 'Yan ƙwallayen katako uku a durowa ado ne. Akwai kuma masu ratayewa masu ɗauke da maganin ƙwari irin su transfluthrin, waɗannan suna kisa a rufaffen wuri, sai dai dangin magungunan nan ba sa shiri da kyanwa da kifi, shi ya sa ban kawo su gidana ba.

Abin da ya kawo ƙarshen ɓarnar a wurina aikin hannu ne, kuma babu wanda zai sayar maka da shi a kwali. Zaren da nake zargi da suwaitoci na zuba su a leda, na matse iskar, na ɗaure, na saka a firiza. Sai sanyin ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, firiji na ruwan sanyi ba zai yi ba. Wasu na cewa kwana 3 ya isa, masu gidajen tarihi kuwa mako 2 suke bari a wannan ma'aunin, kuma nasu na bi, tunda dunƙulen zare yana daɗewa kafin sanyi ya ratsa tsakiyarsa. Daga ɗaki mai ɗumi ake kai kayan firiza kai tsaye, bazatar sanyin tana cikin abin da ke kashe su. In an fito da su kuma ba a kwance ledar sai sun huce, don raɓar ta tsaya a jikin leda kada ta shiga ulu. Zafi ma yana yi: digiri 50 na rabin awa ko fiye yana kashe ƙwai da tsutsa duka. Abin da ke jure ruwan zafi na wanke shi da ruwan zafi, amma ban da saƙar ulu, wadda in ta haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ta ƙanƙance ta dunƙule, rigar babba ta koma ta yaro. Kwat da abin da ba ya son ruwa na kai wa masu wankin sinadari, shi ma yana kashe su a kowane mataki. Dardumar kuwa waje aka fitar da ita, aka kife ta a rana, aka bubbuge, aka bi ta da buroshi gaba da baya. Ƙwan asu ba shi da ƙwari, buroshi yana fasa shi, tsutsar kuma ba ta jure haske, sakin tufar take yi ta faɗo. Sai dai a lura, rana tana cin rini, kada a manta da kaya masu launi a waje.

Sannan shara. Na bi gindin bango da tsagar katako da bayan kabad da injin zuƙe ƙura, na kuma zubar da abin da ya zuƙo a waje nan take, don in ka bar shi a cikin injin ka ba su sabon gida ne da abinci. Gashin mutum da na kyanwa da ke taruwa a lungu kaɗai ya isa ya riƙe zuriyarsu ko da babu ulu a ɗakin.

Wani abu da ya kamata duk mai ajiye kayan sanyi ya sani shi ne tsutsar ta fi son tufar da aka saka aka cire ba a wanke ba. Ulu tsantsa bai cika ƙosar da ita ba, tana buƙatar gishiri da sinadaran da ke cikin gumi da maiƙon jiki da ɗigon abinci. Shi ya sa huji ya fi fitowa a hammata da wuya da gaban riga. Auduga zalla da leda-leda irin su foliyesta ba abincinta ba ne, amma in an gauraya su da ulu, ko sun yi datti, ko suna kan hanyarta, tana huda su. Yanzu ba na ajiye komai sai an wanke ya bushe ƙarau, sannan ya shiga roba mai murfi ko ledar da ake zuƙe wa iska. Kayan da ake sakawa kullum ba su cika samun matsala ba, asu ba ya son motsi. Wanda ka killace don ka fi ji da shi, shi yake samu.

Bayan duk wannan ne tarkon ya sake yin rana. Na kafa sabo a daidai inda na farko ya cika. Makonnin farko ya kama 'yan tsiraru, waɗanda suka riga suka lulluɓe kansu da yana suna shirin yin fiffike kafin a yi shara. Daga baya aka koma ɗaya-ɗaya, sannan shiru. Da zafi ya fara dawowa na sake buɗe wani, domin shirun lokacin sanyi ba shaida ba ce, tsutsa na iya kwanciya ta jira. Ba ni da wata hanyar da zan san ko aikina ya ci in ba wannan ba, sai dai in jira sabon huji ya ba ni labari.

Wanda duk kayansa auduga ne da roba, ba shi da darduma ko bargo na ulu, ba ya buƙatarsa. Wanda ya riga ya ga tsutsa da idonsa ya san inda take, ya fara da firiza da tsintsiya, tarkon ya biyo baya. Amma mai saƙa, mai ɗinki, mai sayar da kayan gwanjo, da duk wanda ke shigo da tsohuwar darduma ko kwat gida, ya dace a ce akwai ɗaya a kowane ɗakin da kayan ke kwana. Kafin ku biya, ku juya kwalin ku duba bayansa. In ba a rubuta Tineola bisselliella ba, ko aƙalla a fito fili a ce na asun tufafi ne, ku mayar da shi inda kuka ɗauko. Ku kuma duba ko kowane tarko yana cikin tasa ledar a liƙe, domin waɗanda aka zuba tare a leda guda, ranar da ka buɗe na farko ranar sauran suka fara tsufa.